Aikin yanar ido kyauta: a ƙirga waɗanda suka gani, ba waɗanda aka yi wa kaɗai ba

Watanni kaɗan da suka wuce na je babban asibitin ƙaramar hukumarmu duba wani abokin aikina da aka kwantar, sai na tarar da harabar a cike maƙil kamar ranar kasuwa. Ashe aikin ido kyauta ake yi na kwana uku, wani ɗan siyasa ne ya ɗauki nauyi. An kafa rumfuna, an rataya ƙaton ƙyalle mai hotonsa, hoton ma ya fi rubutun girma. Tsofaffi zaune a kan tabarmi layi-layi, kowa da sandarsa, wasu da jikoki a gefe.

A bakin ƙofa na ga wata tsohuwa a tsugune, wani yaro da bai wuce shekara 13 ba yana tsaye a kanta. Ana gaya masa kati ya ƙare tun jiya. Yaron yana cewa, "Don Allah Malam a taimaka, daga nesa muke, jiya da daddare muka ji sanarwa a rediyo." Mai rabon kati ya ce shi ba yadda zai yi, likitocin ma gobe za su koma. Tsohuwar ba ta ce uffan ba. Ta ɗago fuska wajen da take jin muryoyi, sai na ga tsakiyar idanunta biyu fari fat kamar an ɗiga nono. Ko ni da ba likita ba na san yana ce.

Na karɓi lambar wayar maƙwabcinsu daga bakin yaron, na wuce. Amma abin bai bar raina ba.

Ra'ayina tun da wuri: irin wannan aikin ido na kwana uku alheri ne, Allah Ya saka wa mai yi, sai dai ba zai taɓa raba ƙauyukanmu da makantar yana ba ko da za a shekara hamsin ana yi. Abin da zai raba mu da ita shi ne a samu wani a cikin ƙauyen da aikinsa ke nan ya nemo mai yana tun tana ɗaki, a samu motar da za ta kai ta inda ake aiki kowane mako, a samu mai dubawa bayan an dawo da ita. Sannan a bar yi mana alfahari da yawan idanun da aka yi wa aiki. A faɗa mana nawa ne suke gani bayan wata biyu.

Yana dai ba sabon abu ba ce

A cikin ido, bayan baƙin nan na tsakiya, akwai wani ɗan abu garai-garai kamar gilashi wanda haske ke ratsawa. Idan shekaru suka ja sai ya fara dishi-dishi har ya koma fari. Wannan ita ce yana. Ciwon suga yana gaggauta ta, haka shan taba, da bugun ido, da yawan ɗiga wasu magungunan kemis masu kashe ƙaiƙayi ba tare da izinin likita ba. Babu maganin ɗigawa ko na sha da ke narkar da ita. Cirewa ake yi a saka na roba a madadinsa, aikin da ƙwararren likita ke gamawa cikin minti 15 zuwa 20, ba tare da an sa mutum barci ba, idon kawai ake kashewa.

Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa kashi 4.2 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, wato mutum sama da miliyan ɗaya, kuma yana ce ta makantar da kashi 43 cikin 100 nasu. Arewa maso Gabas ce ta fi kowane yanki yawan makafi, da kashi 6.1. Abin da ya fi ci mini rai a binciken shi ne cewa kashi 84 cikin 100 na makantar nan abu ne da za a iya karewa ko a warkar. An daɗe da yin binciken, gaskiya ne, amma duk wanda ke zuwa ƙauye ya san tsoffin da ke zaune a ɗaki ba su ƙare ba.

"Ai da babu gara ba daɗi"

Wannan ce amsar farko da abokina ya ba ni daga kan gadonsa da na kai masa ƙorafi. Ya ce mutum ya cire kuɗinsa ya buɗe wa mutane ido, kai kuma kana ƙorafin kati.

Na yarda da rabin maganarsa. Duk tsohon da ya shiga rumfar nan makaho ya fito yana gani, ba ruwansa da hoton wa aka rataya. Amma mu duba wa ke samun katin. Wanda ya ji da wuri, wanda yake cikin gari, wanda yake da ɗa mai babur, wanda ya san kansila. Wanda kuwa yana ta rufe masa ido biyu ruf, yana can ƙauyen da mota ba ta shiga sai ranar kasuwa, shi ne na ƙarshen ji kuma na ƙarshen isowa. Sai ka ga wanda ido ɗaya ne ya fara yi masa hazo ya samu, wadda ba ta ganin tafin hannunta ta koma gida.

Sannan akwai gaggawa. Likita yana da kwana uku, mai ɗaukar nauyi yana son adadi mai yawa da zai faɗa a rediyo. A irin wannan yanayi abu na farko da ake tsallakewa shi ne awo. Kowane ido yana da ƙarfin gilashin da ya dace da shi, kuma akwai na'urar auna hakan kafin aiki. In ba a auna ba, aka saka wa kowa iri ɗaya, wani zai dace, wani kuwa zai ga haske amma ba zai iya zura zare a allura ba.

Abu na biyu shi ne tantancewa. Ba duk mai makanta ne yana ke damunsa ba. Hawan jinin ido, wanda likitoci ke kira gilakoma, shi ne na biyu wajen makantar da mutane a ƙasar nan, kuma shi in ya cinye jijiyar gani ba ta dawowa. Akwai mai ɗauke da su biyun a ido ɗaya. In aka cire masa yana ba a yi masa bayani ba, zai koma gida bai gani ba, kuma abin da garinsu za su riƙe shi ne "an kai wane asibiti an yi masa aiki, ga shi nan yadda yake." Labari ɗaya irin wannan ya isa ya hana mutum goma zuwa. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake.

Na uku shi ne bayan aiki. Ido yana buƙatar a duba shi washegari, a sake dubawa bayan mako ɗaya ko biyu, sannan bayan kamar mako shida. Yana buƙatar maganin ɗigawa na makonni. To likitocin sun koma birni, an naɗe ƙyalle, an kwashe kujeru. Tsohuwa ta koma ɗakin da hayaƙin murhu ke shiga, ga ƙurar hunturu, idon ya yi ja yana ruwa. Wa za ta tambaya? Mai kemis.

Abin da na gani da Gwaggo

Ba da ka nake wannan magana ba. Yayar mahaifina, Gwaggo, ta yi kusan shekara huɗu a ɗaki. Tun tana cewa hazo take gani har ta daina fita ko barka. Jikanyarta aka cire daga makarantar allo ta safe don ta riƙa kai ta banɗaki da zuba mata ruwan alwala. Mu duka mun ɗauka tsufa ne. In an ce a kai ta asibiti sai ta ce, "Ku bar ni, na ga abin da zan gani a duniya." Daga baya na gane tsoro ne. An gaya mata wai ƙwaƙule idon ake yi a ajiye a faranti a wanke sannan a mayar.

Wanda ya karya wannan tsoro ba ni ba ne, duk da bokona. Wata tsohuwa ce ƙawarta da aka yi wa aikin a Kano, ta zo ta zauna kusa da ita a kan tabarma ta ce, "Ke Hajiya, ni da ke wa ya fi tsoron allura? Ina kwance ina jin hirarsu har suka gama. Ga shi yau ni nake tsince shinkafata." Magana ɗaya ta yi abin da muka kasa a shekara huɗu.

Washegarin aiki ina tsaye nas ta ɓare auduga. Gwaggo ta ƙifta ido, ta ƙifta, ta yi shiru. Sai ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Kai, yaushe ka yi furfura haka?" Da muka dawo gida ba ta ko zauna ba ta fara faɗa, wai ashe haka aka bar mata tsakar gida kaca-kaca, wai waye ya fasa mata randa ba a gaya mata ba. Matan gidan suna dariya suna hawaye.

Amma ga inda nake son a lura. A mako na biyu idon ya yi ja, ta ce yana mata zafi. Da a rumfar kwana uku aka yi mata, da shi ke nan sai abin da Allah Ya yi. Da yake asibitin yana nan bai tashi ba, muka koma, aka tarar ashe jikanyar ta daina ɗiga mata maganin tun da ta ga tana gani. Aka gyara, ido ya lafa. Bayan wata uku aka yi na biyun. Yarinyar kuma ta koma makaranta. Shi ya sa idan na ga makaho da ɗan jagora a bakin titi, mutum biyu nake gani waɗanda aikin minti 20 zai iya sallama.

"Mai aikin gargajiya ya fi sauƙi, kuma har gida yake zuwa"

Nan ne ya kamata masu asibiti su saurara da kyau, domin wannan maganar gaskiya ce.

Akwai masu yawo ƙauye-ƙauye suna aikin yana da allura. Abin da suke yi shi ne su soka ta a gefen ido su ture farin abin nan ya faɗa can ciki. Nan take haske ya shiga, mutum ya ce yana ganin yatsu, jama'a su yi kabbara, a biya, mai aiki ya ɗau jakarsa ya yi gaba. Ba ya kwana biyu a gari ɗaya, kuma ya san dalili. Bayan kwanaki ido yakan kumbura, ko ƙwayar cuta ta shiga, ko hawan jinin ido ya biyo baya. Ko da an tsira daga wannan duka, idon da ba shi da gilashinsa ba ya tantance komai sai da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Garin neman gira an rasa ido.

Wancan binciken na ƙasa ya gano cewa a cikin idanun da aka taɓa yi wa wani aiki saboda yana, sama da kashi 40 cikin 100 irin wannan turawar aka yi musu, kuma kusan uku cikin huɗu na idanun da aka tura ɗin makafi ne. Turawar kuma ta fi yawa a nan Arewa.

Wani zai ce jahilci ne. Ni ban yarda ba. Mutumin ƙauye ya iya lissafi. Mai allura ya zo har zaure, ya yi magana da harshen da tsoho ke ji, ya karɓi akuya ko buhun gero in babu kuɗi, ya gama a ranar. Asibiti kuwa, ko an ce kyauta, akwai kuɗin motar mutum biyu zuwa da dawowa, akwai abincin mai jinya, akwai kwanan da za a bar gona, akwai tsawar ma'aikaci da "ku dawo mako mai zuwa." A wasu sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato akwai kuma fargabar hanyar kanta. Har yanzu ma akwai inda ake ce wa mutum ya koma gida sai yanar ta nuna, alhali da irin aikin da ake yi yanzu ba sai an jira mutum ya makance ruf ba. Wanda aka kora sau biyu, ranar da mai allura ya sauka a gidan mai unguwa shi ne na farko a layi.

Wa'azi a rediyo ba zai kori mai allura ba. Sai dai a riga shi isa zauren.

(Abin mamaki, tun kusan shekara dubu da suka wuce wani likitan ido Musulmi, Ammar bin Ali al-Mausili, wanda ya yi aiki a Masar, ya ƙirƙiro allura mai rami don zuƙo yanar waje maimakon tura ta ciki. Mu kuma har yau ana tura wa iyayenmu.)

"Tsufa ne, kuma ƙaddara ce"

Ba zan daɗe a nan ba, domin malamai sun fi ni sani. Ya tabbata a hadisi cewa Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar da maganinta. Wanda zai ce makantar mahaifiyarsa ƙaddara ce, in tayar babur ɗinsa ta yi faci ba ya cewa ƙaddara, wajen mai faci yake turawa. Kuma ku lura da waɗanda aka fi yi wa wannan haƙurin: mata. Maigida in ido ya fara masa hazo za a sayar da rago a kai shi, don shi ne mai nema. Tsohuwa kuwa sai a ce ai ba inda take zuwa. Limamin da ya ɗauki minti biyar a huɗubar Juma'a ya ce wa magidanta barin uwa a cikin duhu alhali akwai magani ba biyayya ba ce, ya yi aikin da allon sanarwa goma ba su yi ba.

"Ina likitocin? Ina kuɗin?"

Likitocin ido sun yi kaɗan, kuma yawancinsu suna manyan birane, wasu ma sun bar ƙasar. Wannan haka yake. Amma ba likita ake buƙata a kowane ƙauye ba. Gane yana ba ya buƙatar digiri. Tocila da allon gwajin gani da horon 'yan kwanaki sun isa ma'aikacin ƙaramin asibitin mazaɓa ya ce wannan a tura shi, wannan tabarau kawai yake so.

Kuma mun taɓa yin abin da ya fi wannan wuya. A yaƙin shan inna, mata 'yan sa kai sun shiga gida-gida a lungunan Kano da Katsina da Borno, sun san kowane ɗaki da aka yi haihuwa, har aka tabbatar a watan Agustan 2020 cewa an kawar da ƙwayar cutar ta asali daga Najeriya da Afirka baki ɗaya. Matar da ta iya ƙirga jarirai a gida, me zai hana ta tambaya ko akwai tsohon da ba ya gani a ɗakin baya? Ita ce ma za ta iya shiga inda namiji ba ya shiga. A haɗa ta da irin ƙawar Gwaggo, wadda aka yi wa ta gani, su tafi tare. Mai unguwa ya riƙe littafin sunaye, dagaci ya sanya rana.

Wuraren aikin ma ba daga sama za a fara ba. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Akwai asibitin ido na ECWA a Kano wanda yake aiki tun 1943, akwai asibitin ido na Makka shi ma a Kano, har daga Maraɗi da Damagaram mutane ke zuwa waɗannan wurare. Ƙungiyoyi irin su Sightsavers sun daɗe suna aiki da gwamnatocin jihohi kamar Kaduna da Sakkwato da Zamfara. Abin da ya yi ƙaranci shi ne igiyar da za ta haɗa waɗannan wurare da ɗakin tsohuwar ƙauye: sashen ido a babban asibitin kowace shiyya wanda likita ke zuwa a rana sananniya kowane mako, nas ɗin ido da ke zaune a wurin kullum, da mota.

Motar nan ina son a riƙe ta da muhimmanci. A kudancin Indiya akwai asibitin ido na Aravind, wanda wani likita mai ritaya, Govindappa Venkataswamy, ya buɗe a Madurai a 1976 da gado 11. Su ma suna fita ƙauyuka, amma tantancewa suke yi a can, sai su ɗebo masu yana a mota zuwa asibiti, a yi musu aiki, a ciyar da su, a mayar da su, a kuma koma dubawa. Masu hali suna biya, kuɗinsu ya ɗauki nauyin marasa hali. Da suka ga gilashin robar da ake sakawa ya yi tsada, sai suka kafa masana'antarsu a 1992 suka karya farashinsa. Ba na cewa mu zama Indiya gobe. Ina cewa ne su ma talakawan ƙauye suke yi wa aiki, kuma ba su jira shekarar zaɓe ba.

Kuɗi kuwa, a duba abin da ake kashewa a rumfa da ƙyalle da 'yan jarida da abincin manyan baƙi ranar buɗe taro. A duba hukumomin zakka da waƙafi da muke da su a jihohi. A duba attajiran da ke zuwa Umara kowace shekara. Mutum ɗaya zai iya ɗaukar nauyin man mota da direba na shekara guda, motar ta riƙa zagaya mazaɓu ranar Talata tana ɗebo tsoffi. Matsalar ita ce ba a yanka kintinkiri a kan man mota, kuma ba a ɗaukar hoto da nas ɗin da ta koma ƙauye bayan mako shida ta duba ido.

Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sauya ma'auni. A taronta na 2021 ƙasashe sun amince cewa abin da za a riƙa aunawa zuwa 2030 shi ne yawan masu buƙatar aikin yana da suka samu aikin kuma suka gani da kyau bayansa. To mu ma mu riƙa tambayar haka. Duk ɗan majalisar da ya ce ya yi wa mutum dubu aikin ido, ɗan jaridar da ke riƙe da makirfo ya tambaye shi: ranka ya daɗe, nawa aka koma aka duba, kuma nawa ne suke gani? In bai sani ba, ba laifi, sai ya sa a bincika kafin ya sake kafa rumfa.

Bayan Sallah na kira lambar nan da yaron ya ba ni. Maƙwabcin ya kai masa wayar. Na tambaye shi jikin Iya, ya ce da sauƙi, tana nan a ɗaki. Na ce makaranta fa? Ya ce ba ya zuwa tukuna, ba mai kula da ita in ya tafi. Na gaya masa inda za su je a birni, na ce zan taimaka da kuɗin mota, ya ce zai gaya wa Baffa. Sai ya ƙara da cewa wani mai maganin ido ya sauka a ƙauyen gaba da su, Baffa yana cewa ko a gwada shi, tun da ba a san ranar da mai girma zai sake kawo likitoci ba.